Daga Gaɓar Argin zuwa Bakin Ruwan Zobe

Tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, a ƙasar Muritaniya, akwai wurin da rairayin Sahara ke gangarowa har cikin tekun Atlantika. Babu kogi, itace sai ɗai-ɗai, ruwan sha kuwa sai wanda aka kawo ko aka tace. Tekun wurin ba ta da zurfi, in ta janye sau biyu a kowace rana takan bar filin laka da ciyawar ruwa iya ganin mutum. Faransawa suka sa wa wurin suna Banc d'Arguin, mu ce gaɓar Argin. A 1976 gwamnatin ƙasar ta keɓe shi ya zama gandun da doka ke karewa, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 12,000, wato rabin jihar Katsina ke nan. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke alfahari da su.

Tsuntsaye ne suka jawo masa suna. Duk shekara in sanyi ya sauka a Turai da Saberiya, tsuntsayen bakin ruwa kan kwararo nan su yi watanni suna kiwo a lakar. A farkon 1980 wasu ɗalibai 'yan Holan, cikinsu har da Theunis Piersma wanda daga baya ya zama farfesa a jami'ar Groningen, suka bi tsibiran wurin suna ƙirga, suka tashi da lissafin da ya haura miliyan 2. Tun daga lokacin masu bincike daga Holan ba su yanke zuwa ba. Masaukinsu yana kusa da wani ƙauye da ake kira Iwik. Mutanen ƙauyen 'yan ƙabilar Imragen ne, masunta 'yan kaɗan waɗanda su kaɗai doka ta yarda su yi su a cikin gandun, su ma da sharaɗin jirgi mai tafiya da iska, ban da mai inji. Su ke kai baƙi tsibiran, domin su suka san inda ruwa ke da zurfi da inda jirgi zai kafe.

Teku ce ke tsara wa mai hoto yininsa a Argin. In ruwa ya janye, tsuntsaye sun watse a fili mai nisan kilomitoci, ko ka bi su sai dai ka sha laka har gwiwa ka dawo da ɗigo-ɗigo a hoto. In ruwa ya cika maƙil, sun taru a tudun yashi sun cusa baki cikin fiffike, da yawansu a tsaye kan ƙafa ɗaya. Lokacin aiki shi ne tsakanin biyun, sa'ad da ruwa ke tahowa yana koro su gaba-gaba. Wanda ya san aikin yakan riga su zuwa. Ya duba inda ruwan jiya ya tsaya, ya kafa madubin hangen nesansa mai ƙafa uku rana na bayansa, ya zauna ya ƙame. Ba ya matsawa wurinsu ko taku ɗaya. Ruwa ne zai kawo masa su, har wani ya zo yana caccakar laka dab da shi bai san da mutum ba.

Abin da yake nema kuwa ƙafa ce. Masu binciken kan kafa raga cikin dare su kama tsuntsaye, su auna baki da fiffike da nauyi, su sa wa kowane zoben ƙarfe mai lamba da wasu zobba na roba masu launi, ja da fari da shuɗi da rawaya da kore, tare da wata 'yar tuta, sannan su sake shi. Jerin launukan ba ya maimaituwa. Wanda aka yi wa ja a kan fari a hagu, shuɗi a kan rawaya a dama, shi kaɗai ne mai wannan shaida a cikin danginsa. A da sai mutum ya karanta da ido ya rubuta a littafi, ga iska tana girgiza madubi, ga ƙyallin rana yana mayar da kore shuɗi, da dare a zauna ana musu a kan wanda aka gani. Kyamara ta kashe rabin wannan musun. Gani ya kori ji.

Hoton da suka fi so sau da yawa ba ya shiga kalanda. Wani kan tsuntsun ma ya fita daga cikinsa, wani ya yi dishi-dishi, sai dai ƙafafu sun fito sarai, kuma an san ranar da aka ɗauka da sa'a da wuri. Wanda ya ɗauka ya aika wa mai kula da rajistar, a maido masa da tarihin tsuntsun: ranar da aka sa masa zobe, wanda ya gan shi a gaɓar Jamus a watan Mayu, wanda ya gan shi a Faransa, shekarun da ya yi yana komawa fegi ɗaya na laka. Da yawa daga masu aiko da hotunan nan ba masana ba ne. Akwai malaman makaranta, da 'yan fansho, da masu aikin ofis da ke fita ranar hutu.

Ga abin da irin wannan naci ya tono. Akwai wani tsuntsu da 'yan Holan ke kira kanut, girmansa bai fi na kurciya ba. Yana ƙyanƙyasa a yankin Taimir, can ƙuryar arewacin Rasha, ya yada zango a tekun Wadden da ke gaɓar Holan da Jamus da Danmak, daga nan ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,500 zuwa Argin. Abincinsa a Argin wasu ƙananan halittu ne masu ɓawo da ke binne cikin laka, yana zura baki ya zaro su ya haɗiye da ɓawon, ƙundunsa ya niƙe. A 2016 Jan van Gils da abokan aikinsa suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Science. Sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 33, suka ga ƙanƙarar Taimir tana narkewa da wuri, har ta matso da kimanin mako biyu. Ƙwarin da 'ya'yan kanut ke ci suna fitowa ne bayan narkewar, don haka kafin 'ya'yan su ƙyanƙyashe kakar ƙwarin ta fara wucewa. Sai suka riƙa tasowa da ƙaramin jiki da gajeren baki. Wannan an gane shi ne daga awon da wasu masu sa zobe suka daɗe suna yi a gaɓar Folan, inda ƙananan kan sauka a tafiyarsu ta farko.

Lahanin ba ya bayyana sai an zo Muritaniya. Mai gajeren baki ba ya kaiwa ga abincin da ke can ƙasa, kamar mai guga da gajeriyar igiya a bakin rijiya mai zurfi, sai ya koma cin saiwar ciyawar ruwa, wadda ba ta riƙe shi. Da aka bi zobban shekara bayan shekara, aka ga masu gajeren bakin sun fi saurin ɓacewa daga lissafi. Ta yaya aka san abin da kowane ke ci? Wani ɓangare daga jininsu, wani daga zama da madubi da kyamara ana ƙirga sau nawa tsuntsu ya zura baki, sau nawa ya haɗiya. Wani kuma, in faɗa muku gaskiya, daga kashinsu. Manyan masu digiri kan bi bayan garken in ya tashi, suna duƙe suna tsince kashi a leda, su je su busar su tankaɗe, su auna ɓarɓashin ɓawon da ke ciki. Aikin da in ka sa ɗalibinmu zai ce an raina masa hankali.

Ƙidayar da aka riƙa maimaitawa ta kuma nuna cewa tsuntsayen Argin sun ragu a kan yadda suke a 1980. Baƙon da ya je yau ba zai yarda ba, domin har yanzu in suka tashi sukan rufe sama. Wanda ke da littafin shekara arba'in ne kaɗai ya san an yi asara.

Turawan nan ba da sanin suka faɗo ba. An daɗe a Turai ana cewa tsattsewa tana kwana cikin lakar tafki ne duk tsawon sanyi. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka a soke a wuyanta, ta taso da shi tun daga nahiyarmu. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Ashe wani maharbin Afirka da ba a san sunansa ba yana cikin waɗanda suka fara koya musu inda tsuntsayensu ke zuwa. Sa zoben ƙarfe mai lamba kuwa wani malamin makaranta ɗan Danmak, Hans Christian Cornelius Mortensen, ya fara shi a 1899 da tsuntsayen da ke sheƙa a garinsu.

To mu da ke Barkiya da ƙauyukan tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ina ruwanmu? Tsakaninmu da teku ya fi kilomita 600. Kanut ba ya zuwa nan, shi ɗan ruwan gishiri ne. Sai dai muna da bakin ruwa, kuma yana da nasa agogon. Dam ɗin Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa yana cika da damina, ya riƙa ja da baya tun daga kaka har bazara, yana barin laka a gefe. Abin da teku ke yi a Argin cikin sa'a shida, shi Zobe ke yi cikin wata shida. Haka tafkuna da kududdufai da fadamun da ke riƙe ruwa bayan an ɗauke sama. Masu noman rani suna bin wannan lakar da tumatir da albasa, tsuntsaye ma suna bin ta.

Wasu 'yan gida ne: zalɓe, balbela, kirinjijiya masu fito in sun tashi da magariba, dinya, zakaran ƙeƙuwa. Wasu kuwa baƙi ne da suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara, suna isowa wajen Satumba da Oktoba su koma a Maris da Afrilu. Duk wanda ya taɓa zama bakin dam da hunturu ya ga wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai ƙasa-ƙasan baya da farin ciki, shi kaɗai yake kiwo a gefen ruwa, yana tafiya yana kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa. In ka tashe shi sai ya bi saman ruwan ƙasa-ƙasa, fiffike a sanƙare yana karkarwa, yana wani siririn kuka. Wannan a bakin kogunan Turai da Rasha yake ƙwai. Akwai kuma 'yan rawayan nan masu dogon wutsiya da ke bin ƙafafun shanu suna cafke ƙwari, su ma baƙi ne. Yaran da ke harbinsu da danƙo ba su san abin da ke hannunsu ya fi kowa a gidansu ganin duniya ba.

A dausayin Haɗeja da Nguru an daɗe da gane haka. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989 saboda tsuntsayen ruwanta, a 2000 kuma tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga rajistar dausayoyin duniya ta Ramsar. Can ana ƙirga a watan Janairu, lokacin da ƙasashe da dama ke ƙidayar tsuntsayen ruwa tare, al'adar da aka fara tun 1967. Zobe bai kai Nguru ba, babu mai cewa ya kai. Amma ruwa a tsakiyar ƙasa busasshiya ba ya rasa baƙi.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga Argin, a ganina, ba tsadar kyamararsu ba ce. Komawa wuri ɗaya ne, a rubuta rana, a ajiye. Mu nan sani muna da shi, ajiya ce ba mu da ita. Tambayi duk wanda ya haura hamsin a kan ungulu. Zai gaya maka da can ranar kasuwa sukan yi layi a kan katangar kwata, mahauta na korarsu suna dawowa, har yara na yi musu tsiya. Yau yaron da aka haifa bayan 2010 zai iya gama firamare bai ga ungulu da idonsa ba. A 2015 aka sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma a Najeriya babban abin da ya cinye ta shi ne cinikin kanta da sassan jikinta don magani da asiri. Tambayi dattijon nan wace shekara ce ta ƙarshe da ya gan su a kwata. Zai ce zamanin wane ne, wani ya ce a'a, bayan nan ne, a tashi babu matsaya. Da wani mai hoton sallah ya riƙa juya kyamararsa ga katangar nan sau ɗaya a shekara, da yau muna da hujja. Haka gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, ta kusa ƙarewa a dajinmu, sai a gidajen masu hali ake ganinta an yanke mata fiffike.

Sai shamuwa. Manomi ya san in ta sauka a kan tsamiya ko kukar gari ta fara jan kirare, lokacin gyaran gona ya yi. Ba a taɓa ta, ba a taɓa ƙwanta, kuma ta san haka shi ya sa take sheƙa a tsakiyar mutane. Wasu masu bincike daga Danmak sun ɗaura wa shamuwoyi na'ura a kudancin Nijar, suka bi su ta tauraron ɗan'adam har Tanzaniya da ƙasashen da ke kudu da ita, inda suke cin fara da tsutsa a daminar can kafin su juyo. Yanzu kowa na kukan damina ta rikice, shuka ta ƙone a sake, wani ya sake sau biyu. Shin shamuwa tana zuwa a lokacinta na da? Kwana nawa ke tsakanin saukarta da ruwan shuka na gaskiya? Gidaje nawa take yi a gari, suna ƙaruwa ko raguwa? Amsar duk tana cikin abin da ɗan aji biyar zai iya yi: hoton bishiyar a ranar da aka fara ganinta, hoton sheƙuna in 'ya'ya sun fito, a rubuta a littafin makaranta kusa da ranar ruwan farko. Shekara ɗaya ba ta cewa komai. Shekara goma za ta fara magana. Wani mai gona a Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya fara irin wannan rubutu a 1736, zuriyarsa suka ci gaba har 1958, yau masana yanayi na cin moriyarsa.

Dabarar kusantar dabba kuwa ba sai mun je Muritaniya koyo ba. Maharbanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su yafa baƙin zane, su rarrafa suna sunkuyar da kan suna ɗagawa yadda burtu ke yi in yana kiwo, har su shiga tsakiyar barewa ko zabin daji. Mutumin da ya iya wannan ya san iska, ya san inda rana ta kamata ta kasance, ya san tazarar da kowane tsuntsu ke yarda da ita kafin ya tashi. Masuntan Zobe ma haka. Mai jefa birgi tun asuba ya san bishiyar da balbelu ke kwana da tsibirin da kirinjijiya ke yini. Yaron da ke son ɗaukar hoto ya fara da gaishe su. Ya je wurin sarkin ruwa ya durƙusa ya ce, Baba, in ruwa ya fara ja wane tsuntsu ne ke fara zuwa, wanne ne kuma kuka daina gani? Abin da zai ji a hantsi ɗaya ba ya cikin littafin da aka buga a Landan. 'Yan Holan ma ba su isa tsibiran Argin ba sai a jirgin Imragen. Burtun kansa, abin takaici, ya yi ƙaranci har ya shiga jerin masu fuskantar barazana.

Kayan aiki shi ne inda ake saurin karaya. Kyamara mai dogon hanci ta fi ƙarfin aljihun malamin makaranta, balle ɗalibi. Wayar Tecno ko Infinix kuwa in ka ja hoton tsuntsun da ke nesa sai ya narke ya zama tabo. Akwai dabara mai sauƙi: a samu madubin hangen nesa ko na hannu ne, a ɗora shi a kan dutse ko reshe ya tsaya cak, a manna idon wayar a kan idonsa, a ɗauka. Gefen hoton zai yi baƙi, tsakiyar kuwa za ta isa a gane tsuntsu, wani lokaci har a karanta zobe. Madubi ɗaya ya ishi ƙungiyar mutum goma. A fita da sassafe kafin ƙura da hazo su tashi, a ba rana baya, a zauna ƙasa maimakon tsayuwa, a sa tufa marar haske. Bidiyon daƙiƙa ashirin sau da yawa ya fi hoto amfani, domin yana kama tafiyar tsuntsu da kukansa. A tabbata kwanan watan da ke wayar daidai ne, abin da mutane da yawa ba sa dubawa.

Zaman nan shi ke buɗe ido. Zalɓe zai tsaya a ruwa iya gwiwa har ka ɗauka kara ne, wuya a naɗe, sai ka ga ya ɗan karkata kai don kauce wa ƙyalli, ya miƙa wuyan a hankali, sannan cak, ya fito da karfasa a gicciye. Ba ya haɗiyewa haka. Sai ya jujjuya ta a baki har kanta ya fuskanci maƙogwaronsa, don kada ƙayar bayanta ta tokare, sannan ka ga kumburin yana gangarawa. Zakaran ƙeƙuwa kuma a ƙasa yake ƙwai, cikin ɗan rami a fili, launin ƙwan ya saje da tsakuwa. Da tsakar rana a bazara ba ɗumama ƙwan yake yi ba, inuwa yake yi masa, har yakan je ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya zauna. In ka ga ya taso maka yana ihu yana kawo sura, ka kusa taka gidansa. Ja da baya. Mintunan da ka tsare shi kana neman hoto sun isa rana ta dafa ƙwan ko hankaka ya ɗauke. Baƙin nan masu shirin ƙetare Sahara a Maris su ma kitse suke tarawa, duk tashin da aka yi musu a banza daga guzurinsu ake ciro shi.

Na san manomin da jan baki ya share wa gero ba zai saurari wannan zance da daɗin rai ba, kuma yana da gaskiya. Sai dai shi ma rubutun zai yi masa rana. Sanin inda jan baki ke taruwa ya kwana da watan da yake isowa shi ne farkon maganinsa, kuma ya fi a wayi gari ana feshin da zai haɗa da balbela da shamuwa, waɗanda ke rage masa fara kyauta.

Akwai abin da 'yan Argin ba sa fama da shi mu muke fama. A yankin da ya sha wuyar 'yan bindiga, daga dajin Rugu zuwa ƙauyukan Safana da Batsari da Kurfi da Dutsin-Ma, saurayin da aka gani a bayan gari da madubin hangen nesa yana ɗaukar hoto yana danna waya, sunan da za a fara kiransa da shi infoma ne, kuma wannan suna yana iya cin rai kafin a yi bincike. Wannan ba abin wasa ba ne. Kada kowa ya fita shi kaɗai. A fara da mai unguwa da dagaci, a sanar da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jihar Katsina ta kafa a 2023 da 'yan sa-kai na wurin, a tafi a ƙungiya da sunan makaranta, a tsaya inda masunta da masu lambu ke aiki, a bar wuraren da mutanen gari suka ce a bari. Ba a ɗaukar shingen jami'an tsaro, ba a ɗaukar matan da suka zo wanki ko ɗiban ruwa. Bishiyar shamuwa dai tana tsakiyar gari, ba ta bukatar a shiga daji. Wanda kuma Allah ya nuna wa sheƙar ungulu ko gauraka, kada ya sa hoton a Facebook da sunan wurin. Masu saye suna kallo.

Inda za a kai abin da aka tara yana nan. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Mai sa kai ya zaɓi gida, ya yi aƙalla sa'a biyu yana zagayawa cikin kwana biyar, ya shigar da duk tsuntsun da ya gani a manhajar BirdLasser, ya aika. Akwai ƙungiyar matasan Arewa da ke wannan aiki, sun shiga jihohi da dama. Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, duk da ɗaliban kimiyyar halittu da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu. Maimakon a yi ta juya kundin bara ana sauya masa suna, malami ɗaya zai iya raba bakin Zobe kashi-kashi, kowane aji ya ƙirga nasa a Janairu ya miƙa wa na bayansa. A haɗa da sunayen Hausa daga bakin maharba da masunta, domin akwai tsuntsayen da sunansu ke mutuwa tare da tsofaffin da suka san su.

Wanda kuma ya tsinci zobe a ƙafar tsuntsu, a raga ko a hannun yara, kada ya jefar don tsoron asiri, kada kuma ya kai wa maƙeri. A jiki akwai lamba da sunan gari, wani Landan, wani Arnhem, wani Stockholm, wani Helgoland. A ɗauki hotonsa ta kowane gefe har lambar ta fito duka, a rubuta rana da sunan ƙauye da yadda aka same shi, a aika ta shafin ƙungiyar EURING mai haɗa masu sa zobe na Turai, ko a ba wani malamin jami'a ya aika. Babu wanda za a kama, amsa kuma takan zo da ranar da aka sa zoben da wurin. In tsuntsun da rai yake, a karanta a sake shi da zobensa. Wasu manyan, irin su farar shamuwa, har 'yar na'ura ake goya musu mai layin waya a ciki. A 2018 wata ƙungiya a Folan ta daina jin ɗuriyar shamuwarta mai suna Kajtek a kwarin Shuɗin Nilu a Sudan. Can sai ga takardar kuɗin waya ta fiye da zuloti 10,000: wani ya ciro layin ya sa a wayarsa, ya yi hirar sa'a 20.